A toshe ɓaraka, amma kar a kashe mana tsofaffin kwamfutoci dare ɗaya

Maigirma Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu, na san maganar da na kawo ba irin wadda aka saba gani ba ce a nan, ba siyasa ba ce ba tsadar shinkafa ba, amma wallahi ta shafi duk mai tura kuɗi ta waya ko mai cira a POS ko da bai taɓa jin labarinta ba. Ni sana'ata kula da saba ce, wato manyan kwamfutocin da kamfanoni ke ɗora ayyukansu a kai, a nan Legas, wajajen Ikeja, kuma akwai wata muhawara da take ta dawowa tsakanin masu rubuta Linux da QEMU, manhajojin da irin waɗannan injuna ke aiki da su, wadda su suke yinta can amma mu nan ne muke kwana a ofis in ta ɓaci. Maganar ita ce, in kwamfutar kwaikwayo ta daɗe tana yin wani abu da ya saɓa wa ƙa'idar da ke rubuce kuma aka daɗe ana kawar da kai, to a ci gaba da kawar da kan ne dan kar a ɓata wa mutane aiki, ko kuwa a tsaurara a fara ƙin karɓa?

Bari in ɗan warware wa wanda ba ɗan harkar ba. Yanzu da wuya ka ga kamfani ya ware inji sukutum dan aiki guda. Inji ɗaya ake saya mai ƙarfi, a ajiye a ɗakin data irin waɗanda ke Ikeja ko Lekki, sai a yanka shi ya zama kwamfutoci da yawa, kowacce tana ganin kamar ita kaɗai ce a duniya da nata firosesa da nata memori. Injin gasken shi ake kira mai masauki, na cikinsa kuma baƙi, su ne kwamfutocin kwaikwayo. A Linux wanda yake wannan aikin shi ne KVM, da ya shiga kanel, wato zuciyar Linux, a 2007 a fitowa ta 2.6.20, yana aiki tare da QEMU wanda Fabrice Bellard ya fara a 2003. To a kowace kwamfuta akwai wani ɗan ɓangare da aikinsa kawai rabon kira ne, ka danna kibod, ko saƙo ya shigo ta netwok, ko disk ya gama karanta abu, ko agogo ya buga, dole a katse firosesa a ce masa ga abu ya zo, kuma wannan ɗan ɓangaren ne yake tsara wane kira ne zai fara shiga, wane firosesa za a kai wa, wanne za a riƙe tukuna. Baƙuwar kwamfuta ba ta da na gaske, kwaikwayonsa ake mata da kod. In kwaikwayon ya kuskure ko da kaɗan sai ka ga baƙuwa ta sandare tana jiran kiran da ba zai zo ba, ko agogonta ya dinga gudu ko ja da baya, babu wani saƙon kuskure da za ka gani, shiru kawai.

Kuma fa lallaɓa tsofaffin kaya ba masu kwaikwayo ne suka ƙirƙiro shi ba, tun daga ƙarfen ya samo asali. IBM PC na 1981 yana da mai rabon kira guda ɗaya na Intel, 8259A, mai layi 8, layi na 0 na agogo na 1 na kibod. Da aka zo PC/AT a 1984 layukan suka yi kaɗan sai aka ƙara na biyu aka jona shi a layi na 2 na na farkon, aka samu layi 15 masu amfani. To kayan da dama can suke amfani da layi na 2 fa? Ba a ce musu su je su mutu ba, an karkatar da wayarsu zuwa layi na 9, BIOS kuma, manhajar da ke tayar da kwamfuta, yana mayar da kiran wajen da tsohuwar manhaja take tsammaninsa, ita ba ta ma san an yi komai ba. Daga baya sabon mai rabon kira mai suna APIC ya zo dan injuna masu firosesa da yawa, sai sabon salonsa x2APIC, a ɓangaren firosesan ARM kuma nasu GIC ne, amma har yau ana kwaikwayon wancan tsohon 8259 ɗin sabida akwai masu nemansa lokacin tashi.

Yanzu masu cewa a tsaurara, ni ban ɗauke su marasa hankali ba, suna da hujja mai nauyi kuma na yarda da rabinta gaba ɗaya. Kwaikwayon nan wani ɓangarensa a cikin kanel ɗin mai masauki yake zaune, wato a ƙuryar ɗaka, kuma baƙo ne yake aiko masa da lambobi. In bai duba abin da aka aiko ba, mugun baƙo zai iya illata kowa. Ya faru ba sau ɗaya ba. A 2013 an gano cewa a kwaikwayon IOAPIC na KVM, wato ɓangaren APIC mai karɓar kiran na'urori, baƙo zai iya zaɓar lambar rijistar da ba ta wanzu ba (rijista ɗan gurbin ajiye lamba ne) ya karanta, sai ya leƙo memorin mai masauki ko ya kayar da shi, ita ce ɓaraka mai lamba CVE-2013-1798. A shekarar dai aka sake samun wata a agogon APIC, CVE-2013-6367, inda baƙo zai juya lambobi har kanel ya raba lissafi da sifili injin ya faɗi gaba ɗaya da duk baƙin da ke kai. Sai ɓarakar da aka sa wa suna VENOM a 2015, ita ba a mai rabon kira take ba, a kwaikwayon na'urar fulofi, tsohon faifan ajiya, ta QEMU ce, kod ɗin da yake nan tun 2004 ba mai waiwayarsa, abin da yaran yanzu ba su ma taɓa gani da ido ba amma ya kusa zama ƙofar da baƙo zai fito ya hau kan mai masauki. Ka yi tunanin inji ɗaya yana ɗauke da kayan kamfanoni daban daban, wani ya yi hayar 'yar ƙaramar baƙuwa ta kuɗi kaɗan ya kayar da na kowa. A irin wannan babu wani zancen lallaɓawa, a yi faci yau a tura, wanda aikinsa ya dogara da ɓarakar ya yi haƙuri.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Akwai tsaurarawa iri biyu kuma sai a dinga cusa su a buhu ɗaya. Akwai wadda ake yi dan an ga baƙo ko wata manhaja za su iya cutar da mai masauki, wannan na gama magana a kanta. Akwai kuma wadda ake yi dan kawai wani ya buɗe kundin Intel ko na ARM ya ga an ce wannan gurbin a rijista ba a rubuta komai a ciki, ko wannan lambar ba ta halatta ba, ya duba kod ya ga ashe shekara da shekaru ana karɓa ba a cewa komai, sai ransa ya ɓaci ya ce bari ya gyara ya dace da littafi. Ba wanda ake cutarwa, ba memorin da ke yoyo, kawai dai bai yi kyau a ido ba. To wannan ta biyun ita ce nake cewa a bi a hankali, sabida sau da yawa gyaran gangar auzinawa take zama.

Dalili kuwa shi ne ƙaura. Babban abin da ya sa muke son kwamfutocin kwaikwayo shi ne za ka iya kwashe baƙuwa tana cikin aiki daga wannan injin zuwa wancan ba tare da ka kashe ta ba, mai amfani da ita bai ma sani ba. Haka muke yin afdet, a kwashe baƙi daga inji a sabunta shi a dawo da su. A lokacin kwashewar, tsohon injin yana karanto duk halin da mai rabon kira yake ciki, wane kira ke jira, wanne aka toshe, me ke cikin kowace rijista, ya miƙa wa sabon. To in tsohon kanel ya saba fitar da wata lamba da ba ta dace da littafi ba, sabon kuma an koya masa ya ƙi duk abin da bai dace ba, me zai faru? Sabon zai ce bai karɓa ba. Baƙuwar ba ta yi laifin komai ba, mai kula da ita bai yi ba, abin da kanel na jiya ya rubuta da hannunsa ne kanel na yau yake cewa haramun ne. Kamar gidan haya ne a Agege, in maigida ya ga ramin da ɓarayi ke bi a katanga ya toshe da daddare ba wanda zai ce masa dan me, amma in ya tashi ya canza kwaɗon babbar ƙofa dan wai tsohon bai yi masa kyau ba, bai ba kowa sabon makulli ba, alhali shi ne ya raba tsohon da hannunsa, to shi ne ya jawo rigima ba 'yan haya ba.

Na gani da idona a wani wajen da nake taimaka wa, 'yan kasuwa ne masu sarin kaya, duk lissafinsu yana kan wata tsohuwar manhaja da wanda ya rubuta musu ya daɗe da barin harkar, ba ta tashi sai a kan tsohuwar Windows. Aka sabunta inji ɗaya, aka zo kwashe baƙuwar zuwa kansa ya ƙi karɓar bayanin mai rabon kira, ƙarshe sai da aka jira aka tashi daga kasuwa aka kashe ta aka tayar a can, kowa yana addu'a ta tashi lafiya. Ta tashi, amma su ƙananan waje ne da suke rufewa da yamma. Wanda aikinsa ba ya tsayawa dare da rana fa?

Kuma in ka duba, shi kansa Linux yana da ƙa'ida a kan wannan tun da daɗewa. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya sha nanata cewa ba a yarda sabon kanel ya karya manhajar da take aiki a kan tsohon ba, har a ƙarshen 2012 ya yi wa wani babban mai kula da wani sashe kaca kaca a bainar jama'a dan wani canji da ya sauya lambar kuskuren da ake mayarwa kawai, ya ɓata wa mutane manhajar sauti, mutumin ya so ya ce ai laifin manhajar ne, Linus ya ce sam, in kanel ya canza abu ya lalace to laifin kanel ne. Wasu na ganin wannan taurin kai ne. Ni ina ganin shi ya sa mutum yake iya yin afdet ba tare da gabansa na faɗuwa ba, kuma wanda ke tsoron afdet shi ne yake zama da ɓaraka shekaru, kenan tsaurarawar da aka yi da sunan tsaro ta koma ta rage tsaron.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hanyar da ta dace ba sabuwa ba ce, KVM ɗin da kansa ya sha binta. Misali a tsohon APIC lambar firosesa ba ta wuce 255, kuma 255 ɗin an ware ta tana nufin a aika wa kowa da kowa. A x2APIC lambar ta faɗaɗa sosai, 255 ta zama lamba kamar kowace, amma KVM ya ci gaba da ɗaukarta a matsayin ta kowa da kowa dan akwai baƙin da suka dogara da hakan. Da aka zo ana son baƙi masu firosesa fiye da 255 dole a gyara, to ba a juya wa kowa dare ɗaya ba, a 2016 aka ƙara wani maɓalli, manhajar da ta san sabon tsari ta ce ni na sani a kashe min tsohon hali, wadda ba ta ce komai ba a bar mata yadda ta saba. Akwai ma jerin irin waɗannan tsofaffin halayen da KVM ya amsa da bakinsa cewa sun saɓa wa ƙarfen gaske, ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya ya ba da hanyar kashe kowanne ga mai so. A ARM ma haka, wata rijistar GIC mai suna GICD_IIDR tana ɗauke da lambar bita, QEMU ko waninsa zai karanta ya mayar ya rubuta dan ya nuna ya san da wane hali yake magana, in bai rubuta ba akwai sabbin abubuwan da ba za a buɗe masa ba. Wanda ya fi burge ni kuma shi ne na 2022. KVM ya daɗe yana barin baƙo ya canza lambar APIC ɗinsa, abin da kusan ba mai yi, kuma yana rikita hanyar saurin da Intel da AMD suka gina a firosesa, wato APICv da AVIC. Da sauƙi a ce daga yau an hana. Ba a yi haka ba, aka ce duk baƙon da ya canza lambar sai a kashe masa hanyar saurin ya koma ta a hankali, aikinsa bai tsaya ba, mai masauki bai shiga haɗari ba, shi kaɗai ya biya kuɗin abin da ya zaɓa. Wannan shi ne aikin hankali wallahi.

Ga kuma wata dabarar da ta rage rigimar tun daga tushe, wadda injiniyoyin Google suka kawo ta shiga Linux 4.4, a fitar da kwaikwayon 8259 da IOAPIC daga cikin kanel a mayar da su can waje wajen QEMU, a bar APIC na kowane firosesa kawai a ciki sabida sauri. In tsohon kaya yana waje, ko an samu kuskure a cikinsa ɓarnar ba ta kai ta cikin kanel ba, sai lallaɓa shi ya yi arha.

Na san abin da za a ce min, duk tsohon halin da aka bari kod ne da wani zai ci gaba da kula da shi, ya gwada shi, ya tuna da shi duk sanda zai taɓa wajen, kuma a irin waɗannan lungunan da ba mai shiga ne kurakurai suke ɓuya, manhajojin gwaji irin syzkaller kullum a can suke tono su. Gaskiya ne. Ban ce a riƙe komai har abada ba. QEMU yana da tsarin da nake ganin ya yi adalci, kowace fitowa tana da nau'in injinta mai lamba, irin su pc-q35 ko virt da lambar fitowar a gaba, baƙuwar da aka haifa a kan wani nau'i za ta ci gaba da ganin kayanta yadda ta san su ko an sabunta QEMU, kuma tun 2024 suka sa doka cewa nau'in da ya shekara 3 za a fara gargaɗi a kansa, in ya kai 6 a cire. Ka ga an ba ka wa'adi, an gaya maka, kana da lokacin da za ka zaɓi daren da ya dace ka kashe ka tayar a sabon nau'i. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a wayi gari abin da ke aiki jiya ya daina, a ce maka ai dama bai kamata ya yi aiki ba.

Sai dai akwai abin da masu wannan muhawarar ba sa gani daga inda suke zaune. In za a cire tsohon hali sai ka ji an ce ai ba mai amfani da shi yanzu. Wa aka tambaya? Manyan kamfanonin Amurka da Turai da suke da ma'aikata a cikin masu rubuta kanel ɗin, su in abu zai taɓa su tun kafin ya shiga sun yi magana. Mu nan fa? Windows 7 Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, CentOS 7, wani nau'in Linux, ya ƙare a Yunin 2024, amma ka zagaya ƙananan ofisoshi da shaguna da makarantu a garin nan ka ga abin da ke kan saba. Ba son tsohon kaya ne ya sa ba, lasin da dala ake biya, tun da aka saki naira a 2023 kowa ya san yadda lissafin ya koma, injunan ma da yawa tokumbo ne daga Computer Village. Ga shi tun da Broadcom ta sayi VMware, kamfanin manhajar kwamfutocin kwaikwayo, a ƙarshen 2023 ta daina sayar da lasin na dindindin, mutane da dama suka koma Proxmox, shi kuma KVM da QEMU ne a ƙarƙashinsa, wato tsofaffin baƙi sun ƙaru a kan KVM ba raguwa suka yi ba. Mafi sauƙin tsare tsohuwar manhajar da ba ta da magaji shi ne a sa ta a kwamfutar kwaikwayo a killace ta a kan sabon mai masauki mai cikakken faci, to in sabon mai masaukin ya ƙi ta, mutum ba zai jefar da lissafin kasuwarsa ba, mai masaukin zai bari a tsohon kanel, shikenan an yi asarar duka biyun.

Mu ma 'yan harkar nan gida akwai namu. Ƙa'idar Linux ta kar a karya abin da ke aiki tana tashi ne in wani ya kawo ƙara, in ba wanda ya ce an karya masa to kamar ba a karya ba. Kanel sabo yana fitowa kusan duk sati 9 zuwa 10, kafin nan kuma duk sati ana sakin na gwaji, amma mu sai abu ya iso mana bayan shekara biyu ta hanyar Ubuntu ko Proxmox sannan mu gani, mu yi ta ƙorafi a guruf ɗin WhatsApp da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka, wani ya ce koma tsohon kanel kawai, a koma, magana ta mutu a nan, waɗanda suka yi canjin ba su taɓa ji ba. Duk wanda yake da tsohon inji a ajiye yana shan ƙura, ya ɗora masa sabon kanel ya gwada kwashe kwafin tsofaffin baƙinsa zuwa kai da dawowa, dawowar ma a gwada dan wani lokacin tafiya tana yi komawa ce take ƙi. In ya ƙi, a rubuta rahoto, wane kanel ne yake aiki wanne ne ba ya yi, wane nau'in inji, me QEMU ya faɗa, ba sai Turancinka ya yi kyau ba lambobin suke so. Sannan dan Allah a daina barin nau'in inji a kan na ƙarshe kai tsaye, a rubuta lambarsa ƙarara a saitin kowace baƙuwa, kuma a ajiye jerin waɗanda wa'adin shekara 6 ɗin nan ya kusa cim musu.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Wani mai kula da saba,
Ikeja, Legas.